Ƙafar Hagu

Shekara arba'in babana Ketill
yana zagin motar da ke canza giya da kanta.
Ta malalata ce, in ji shi, ta 'yan Reykjavik
masu tsoron laka ta taɓa musu takalma.
Da gwiwarsa ta hagu ta gaza taka kuloci
sai ya sayo ta da daddare, kamar abin kunya.

Yau ni ce a sitiyari.
Tumakinmu bakwai ba su sauko daga tsauni ba,
ga dusar ƙanƙara a bakin ƙofa.

Inda kwalta ta ƙare ya ce, "Salvör, tsaya.
Durƙusa ki rage wa tayoyi iska.
Taya mai girman kai yashi ke binnewa,
mai shimfiɗa ciki ita ke wucewa."
Iska na fita tana tsaki, yatsuna na ƙagewa.

"Sa ta a firi. Ja ƙaramin sandan nan
har ki ji ƙas, huɗun sun ɗauki kaya tare.
Fid da manyan yatsunki daga cikin sitiyari.
Dutse in ya mari taya, a kanki zai rama."
Ya nuna min nasa,
wanda ya karkace tun ba a haife ni ba.

Baƙin yashi, tsohon aman dutse,
ba itace, ba inuwa, ba tsuntsu ko ɗaya.
Muka hau duwatsu da rarrafe.
"Dama a totur, hagu a birki,
ki riƙa ba ta kaɗan kina karɓewa.
Ba kuloci, amma ƙafar ba ta yi ritaya ba."

A kan gangara ya dafa hannuna.
"Nan kada ki bar ta ta zaɓa wa kanta.
Ɗaure ta a giya ɗaya, inji ya riƙe ta.
Birki a kan tsakuwa alkawarin ɗan caca ne."

Sai kogi.
Launin madarar da aka zuba wa toka.
Da safe yake da sauƙin kai;
in rana ta lashi ƙanƙarar sama
kafin yamma ya zama wani dabam.
"Inda ya yi lumui, can ya ɓoye rami.
Nemi inda ya baje yana surutu."
Dā shi ke shiga. Yau ya miƙo min sandarsa.
Na kutsa, sanyi ya sare ni a cinya,
ina lalubar ƙasa taki bayan taki.
Abin da ƙafa ta kasa, mota ba ta iyawa.

Na koma kujera wando na zuba.
Na karkata hancinta, na bi ruwa a kaikaice,
ba gudu, ba tsayawa,
ruwa ya taru a gabanmu kamar garken da ake korawa.
A tsakiya wani dutse ya mirgina,
bayanta ya zame, ƙofa ta yi gunji.
Na jira umarni. Shiru.
Na saci kallo: ƙafarsa ta hagu, mai ciwon,
tana danna dandaɓen mota da ƙarfi
tana neman kulocin da babu.

Ban ƙara wuta ba, ban rage ba.
Tayar gaba ta kama gaci, ta ja sauran.

"Taɓa birki kina tafiya, ya bushe,"
ya ce, da muryar da ba tasa ba.

Biyar muka samu a lungun dutse, ƙugu da ƙugu.
Biyu sai wata rana, ko sai hankaka.
Ya zuba kofi, rabi ya zube a cinyarsa.
Ya shafa gwiwa, ya dubi kogin da za mu sake ƙetarewa.
"Ashe ba malalaciya ba ce," ya ce.
Ban tambaye shi wa yake nufi ba.