Dubu Ɗaya da Ɗari Takwas

Ƙarfe huɗu na asuba, Tbilisi ba ta motsa ba,
ni da tanderu kaɗai ke numfashi a unguwar Avlabari.
Nakan sunkuya har ƙugu cikin bakinsa mai huci
ina manna ƙullu a bangon yumɓu,
burodi ɗari uku kafin rana ta leƙo,
ba ko ɗaya da ke da sunana.

Likita Mzia ce ta yanke hukuncin.
Ta dubi sikeli, ta dubi takardar jini,
ta ce, "Nugzar, zuciyarka dakon mutum biyu take yi,
ladan mutum ɗaya ake ba ta.
Dubu ɗaya da ɗari takwas a yini. Kar ka ɗora."
Kalori. Ban taɓa sa shi a ido ba,
ga shi ya zama maigida a gidana.

'Yata Lali ta zuba min lissafin a waya.
Ƙwai guda, saba'in da ɗoriya.
Kokwamba kusan kyauta ce.
Cuku kuwa, yanki bai fi kwalin ashana ba,
sai ya haɗiye min rabin la'asar.
Ni da na shekara talatin ina auna gari da tafin hannu
ban taɓa saɓa lamba ba,
yau ga ni ina ɗora tumatir kan ma'auni
kamar dillalin zinariya.

Yunwa kan iso wajen goma da rabi.
Ba ta sallama, ba ta hayaniya.
Kamar karen nan mai ɗan tambari a kunne
da ke kwana a ƙofar shagona,
sai ta aza haɓa a gwiwata, ta zuba min ido.
In ba ta ruwa, ta lashe, ta sake dubana.
In ba ta shayi ba sukari, ta gane zamba ce.
Na koyi ce mata, jira minti ashirin.
Wani lokacin takan gaji ta kwanta.
Wani lokacin ni ke gajiya.
Ran Laraba ta kayar da ni, ba zan ɓoye ba,
a tsaye, bayan buhunan gari, man shanu har gwiwar hannu.

Mahaifiyata Tsiala ba ta san wannan zance ba.
Ita da ta kwana a layin burodi
shekarun da babu wuta, babu gas, sanyi na tsaga ƙashi,
an rubuta mata lamba da biro a bayan hannu,
ta dawo da guda ɗaya ta raba mana mu huɗu,
ta ce ita ta ci nata a hanya.
Yanzu in ta leƙa farantina sai ta tafa hannu:
"Yunwar da na kora da tsintsiya,
kai ka shimfiɗa mata tabarma, har kana biyan likita?"

Daren Lahadi ta gutsuro kan burodi,
ɓangaren nan mai ƙauri da nake so tun ina yaro,
ta turo min ba ta ce komai ba.
Saura min tamanin a lissafi.
Na ce, "Na ƙoshi, na ci nawa a hanya."

Ta daɗe tana kallona.
Mai ƙarya ya san muryar ɗan'uwansa.
Sai ta ɗauka ta raba biyu,
ta sake raba rabin,
ta ce, "To, auna wannan."

Giram ashirin da shida.
Na rubuta. Na tauna a hankali har ya zama zaƙi.

Da asuba na huda wa bel ɗina sabon rami da ƙusa.
Karen yana ƙofa, ya ɗaga kai.
Na ce masa, na gan ka, zauna,
akwai sauran aiki kafin goma da rabi.