Karan Dafi

Ƙarfe huɗu na asuba a Nima,
ladani bai ko gyara murya ba,
Inna ta riga ta hura wuta.
Ni da shekaruna goma sha shida
ina tsintar tsakuwa cikin wake,
ido rabi a barci,
zuciya cike da haushin kowa.

Haushin Inna, wadda "yi sauri" ce gaisuwarta.
Haushin Baba, mai dawowa da warin man torotoro a riga,
ya tambayi rediyo labarin duniya,
nawa labarin yana tsaye a bakin ƙofa.
Sai kuma Memuna.
Magana ɗaya tak na ba ta ajiya,
cewa takalmin sallata na aro ne.
Kafin la'asar ta zaga wayoyin aji.
Mako uku ke nan,
in ta biyo ta lungun teloli
sai in tsallake kwata in bi ta bayan famfo.

Ranar Talata zazzaɓi ya kwantar da Inna.
Ta ce, "Sahura, tukunya ba ta san ciwo ba."
Na auna shinkafa, na auna wake, na jefa kanwa,
na ce ai ba wani abu ba ne.
Da na ɗaga murfi
sai ga abinci fari fat, kamar ya ji tsoro.
Na manta karan dafi.

Na zauna kan turmi na yi kuka,
ba don wake ba.

Anti Akwele mai dokunu,
wadda rariya ɗaya ta haɗa mu, yare bai haɗa ba,
ta leƙo ta katanga, ta yi dariya har da tafi,
ta miƙo dami guda.
Da Hausarta mai ɗingishi ta ce,
"Sake. Gari bai waye ba."
Baba ya fito da carbi a wuya,
ya riƙe muciya da hannun da ya saba da sitiyari.
Muna kafaɗa da kafaɗa cikin hayaƙi
ya ce, "Ashe kullum haka kike tashi?"
Na ce, "Shekara biyu ke nan."
Ya yi shiru.
Amma shirun ya fi na jiya ɗumi.

Ƙarfe bakwai layi ya kai bakin titi.
Wannan na son taliya, wancan ƙwai biyu,
a ƙara shito, a rage gari,
ni kuwa hannuna biyu ne.
Ta biyar a layi Memuna ce, rataye da jaka.
Ba ta ce a zuba mata ba.
Ta tura jakar ƙarƙashin teburi,
ta wanke hannu, ta hau goge ganye.
Sai da muka kai ga ƙanzo
ta ce, "Mutum ɗaya na gaya wa."
Na ce, "Ni ma mutum ɗaya na gaya wa."
Ta sunkuyar da kai.
Mun makara tare, mun share filin makaranta tare.
Ban ce na yafe ba tukuna,
amma babban ɓaren ƙanzon ita na ba.

Da dare na kai wa Inna koko.
Ta kalli hannuna ta ce, "Wa ya ba ki kara?"
Na gaya mata.
Ta ce, "Gobe ki kai mata kwano, ki sa nama biyu.
Kin ga karan nan, ba mai cin sa,
tsamo shi ake yi a zubar kafin mai saye ya zo,
amma in babu shi..."
Tari ya katse ta, barci ya ƙarasa.

Na zauna ina duban tafina,
ja ya shiga har ƙarƙashin farce,
ina ƙirga waɗanda suka tafasa tare da ni
ban taɓa lura ba.
Na ja mata mayafi zuwa kafaɗa,
na ce, "Sannu, Inna."
Ashe ni ma ban taɓa faɗa ba.