Ƙwayar da Ta Goce

A Arezzo, a hawa na uku,
inda matakala ke nishi in an taka ta,
na kafa ƙusa a bangon kicin ɗin mahaifiyata
na rataya mata hoto.
Ba na waliyyi ba, ba na teku ba.
Ɗan kunne ne guda, na zinariya,
da aka tono a kushewar wata mata
wadda ta rasu tun birnin Rum yana ƙauye.
Ainihinsa bai fi farcen babban yatsa ba,
a takarda kuwa an buɗa shi ya kai faifai.
Yuro goma sha takwas na biya, har da katakon gefe.

Ermelinda ta dube shi, ta dube ni.
Ta ce, "Bangon ne ya kai miki ƙara?"

Shekara talatin da huɗu ta yi a masana'antar sarƙa,
inji na aman zinariya kamu-kamu, kamar taliya,
ita tana tsaye tana tsince wadda ta karkace.
Da yamma a kakkaɓe mata riga,
a tace ruwan da ta wanke hannu,
kada ƙurar masu kuɗi ta bi ta gida.
Ko zobe ba ta sawa.
Wanda ya wuni a mahauta, in ji ta, ba ya marmarin tsire.

Kwana tara hoton na rataye
kamar baƙon da ba a yi wa sannu da zuwa ba.

Ran na goma na tarar wake ya kama a tukunya,
ita tana tsaye kan kujera, babu takalmi,
tabarau biyu a hanci, wani bisa wani,
tana ƙirge da tsinken sakace.

"Fosca, zo nan. Kar ki yi magana, za ki ɓatar da ni."

Sai a ranar na ga abin da na saya.
Ashe fuskar ɗan kunnen ba sumul take ba,
tsaba ce, ta fi acca ƙanƙanta,
an jera ta sahu-sahu, tana zagaye, tana komowa,
kamar tururuwa ta sami labarin suga.

Ta ce, "Ba lantarki, ba madubin ƙara girma.
Gawayi, da kara a baki, da numfashinsa.
In wuta ta yi yawa, duka su narke su koma kunu.
In ta gaza, su zube tun kafin amarya ta kai ƙofa.
Tsakanin nan da nan
bai fi ƙiftawar ido ba, kuma a nan mutumin ya zauna
iya rayuwarsa."

Tsinken ya tsaya.
Ta ɗari biyu da sha ɗaya ta goce daga sahu,
kaɗan, kamar haƙorin yaro mai famfara.

"Nan ya yi atishawa.
Ko 'yarsa ta kira shi daga tsakar gida.
Ya gani, na rantse ya gani,
ya bar ta."

Ta yi shiru har na ji agogo.
"Ni da irin wannan aka biya ni in zubar."

Na riƙe ta ta sauko. Hannunta na rawa,
rawar da ya koya a wurin inji bai manta ba.
Muka ci wake mai ƙauri, ba wanda ya tanka.

Yanzu da hantsi, in rana ta tsallako rufin maƙwabta,
takan sauka kan gilashin, takarda ta yi kamar za ta kama.
Ba zinariya ba ce, tawada ce, mun sani.
Ɓarawo ba zai waiwaye ta ba.
Amma innata takan ja kujera da kofin gahawarta,
ta gaishe shi kamar abokin aiki da ya riga ta isowa,
ta nemo ƙwayar nan, ta tabbata tana nan a goce.

Jiya na leƙo ba ta ji ni ba.
Tana murza fatar kunnenta a hankali,
tana laluben hujin da ya toshe
tun kafin a haife ni.