Ranar da Na Miƙa Keken

Muzammil, tsaya tukuna.
Rana ba ta leƙo ta bayan Dutsen Taka ba,
ayabar nan ba gudu za ta yi ba,
kasuwar Kassala tana nan inda ka bar ta jiya.

Shekara ashirin da bakwai, ni da baƙin keken nan
muna kai kaya daga lambu zuwa gari.
Yau gwiwa ta ce ta gaji.
To ga shi. Amma kafin ka hau, durƙusa.

Matsa tayar da babban yatsa.
In ta lotsa ba ta iska, ban da “sai anjima”.
Kama birkin baya ka tura, ka ji ya riƙe.
Na gaba mugu ne in ka damƙe shi shi kaɗai,
ta saman kan keke zai wurga ka
kai da ayaba da lemo.
Sarƙa na son mai
kamar yadda kake son shayinka da madara.
Tattare bakin jallabiyar nan ka soke,
sarƙa ba ta san sabuwar riga ba.

Dama ce taka, riƙe ta.
Mai bin hannun da ba nasa ba don ya rage tafiya
wata rana gida ma ba zai kai ba.

Dubi ƙwaurina. Ka ga tabon?
A kan gadar Gash na samo shi,
shekarar da kogin ya cika ya kawo jan ruwa,
kana goye a bayan uwarka.
Na kama gindin wata lori don ta ja ni,
ina dariya, ina ɗaga wa Sammani hannu.
Direba ya taka birki saboda wani jaki.
Bai san da ni ba. Ina zai sani?
Wata uku ina kallon rufin ɗaki,
uwarka na dama kunu tana sayarwa,
lemo na faɗuwa a lambu ba mai tsincewa.

Ɗan raksha ba ya shawara da kowa,
inda aka ɗaga masa yatsa nan zai tsaya.
Ba shi fili.
In za ka karya kwana miƙa hannu tun da nisa,
waiwaya, sake waiwayawa,
ba wanda ke karanta abin da ke zuciyarka.
Danja in ta yi ja, da kai take,
ko da ɗan sanda ya tafi shan kofi.
Sa ƙafa a ƙasa. Ƙasa ba ta cizo.

A ’yar hanyar cikin lambuna kuwa
mai tafiya a ƙasa ya riga ka zuwa duniya.
Tsohuwa da dammin itace, yaro da akuya,
kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, a hankali,
sallama ce, ba kora ba.

Wayar nan ta zauna a aljihu.
Kunnenka na titi ne har ka sauka.
In magariba ta same ka wajen masu agashe
kunna fitila, ta gaba da jar ta baya,
duhu ba ya faɗa wa direba sunan ubanka.

Ungo hular kwano. Na sani, akwai zafi.
Za su yi maka dariya. Bar su.

Ya ce to. Ya ce to, Baba. Ya hau.
Kwandon ya yi rawa, ya daidaita.
Na bi shi da ido har mararraba,
na ga hannun hagu ya fito, ya waiwaya,
ya jira wani amalanke ya wuce.

Sai na dubi hannayena.
Ga su a iska, ba komai a cikinsu,
suna matse birki.