Tsinken Ashana a Kogin Motława

Ƙarfe huɗu na yamma, duhu ya riga ya rufe Gdańsk.
Kwana tara kwamfuta tana niƙa,
yau ta sauke:
kibiyoyi miliyan goma sha ɗaya,
kowacce da gudunta, kowacce da inda ta dosa,
a bayan farfelar jirgin da ko ƙarfensa ba a yanka ba.

Ludomir ya leƙo, kofin shayi a hannu.
"Bogna, gudun dai na gani. Juyin fa?"

Juyi ba ya zuwa cikin kaya. Tono shi ake yi.
Ki tsaya kan ɗigo ɗaya,
ki tambayi maƙwabcinsa na gabas saurin hawansa,
ki tambayi na yamma, ki ɗebe,
ki raba da tazarar da ke tsakaninsu.
Sai na arewa da na kudu, saurin zamewarsu gefe.
Ki cire wannan daga wancan.
Ragowar, shi ne.
Ɗigo bai san juyin kansa ba
sai an ji ta bakin maƙwabta.

Babana mai walda ne, shekara talatin a tashar ƙera jirage,
bai taɓa ganin wannan lissafi ba.
Amma ran Lahadi, a kan gada,
yakan karya tsinken ashana ya sake shi.
"Kar ki bi ruwan da ido, bi tsinken.
Akwai ruwa mai zagaye, tsinke yana bin sa
bai waiga ba ko sau ɗaya.
Akwai mai tafiya ɗoɗar kamar layin dogo,
amma bango ya riƙe masa gefen riga,
ga tsinke can yana wulwulawa."

Hoton farko ya fito, ja inda ya kamata shuɗi.
Farfela tana murɗa dama, ruwana yana murɗa hagu.
Awa biyu ina zargin raga, ina zargin injin,
ina zargin wanda ya rubuta manhajar.
Ashe ni ce.
Alamar ɗebewa guda, siririya kamar gashin ido,
na ajiye ta inda ba gidanta ba.

Na gyara. Igiyoyi biyar suka warware daga bakin fikafikai,
suna murɗewa, suna sirancewa,
har inda idon raga ya yi faɗi
suka narke kamar sukari.
Ba ruwan ne ya gaji ba, ni ce na yi rowar ɗigo a wurin.

Sai jikin jirgi.
Nan kam lissafi yana ɗingishi,
don ɗigon da ya jingina da ƙarfe
ba shi da maƙwabci ta ɗaya ɓangaren.
Dole ki tambayi gefe guda, ki ƙara da na bayansa,
ki karɓi amsar, kina sane da raunin da ke ciki.
Kuma a nan ake haifar juyin duka.

Na tura wa Ludomir lambobinsa, na kashe fitila.
A tasha ƙanƙara na sauka a karkace.
Mama tana Zaspa, hawa na bakwai,
har yau gefen dama take kwana,
ta bar hagu a shimfiɗe.
A aljihuna akwai kwalin ashanarsa, saura tsinke uku.
Ban bi ta gada ba yau.