Katin Mai Wuƙa a Takalmi

A gwangwanin madara nake ajiye su,
ɗari biyu da goma sha bakwai,
ɗaure da robar tsohuwar tayar keke.
Na cingam ne, dala ɗaya ɗaya,
tun muna lakwal a Garin Malam:
mu tauna, zaƙi ya ƙare, mu tofar,
mu bar ɗan ƙwallo a aljihun wando
har zufa ta cinye masa rabin suna.

Kiyari ya ba ni masu tsaron gida uku
a kan wani dogo mai lamba tara.
Yau in mun haɗu a bakin tasha
sai ya ce na cuce shi.
Na kuwa cuce shi.

Guda ɗaya ne ba na cingam ba.
A Kasuwar Dole na same shi,
cikin aljihun rigar sanyi ta gwanjo
da na saya wa baba jika da rabi.
Mutum ne ya sunkuya da sanda mai lanƙwasa
kamar mai shirin noma,
an ɗaura masa wuƙa ƙarƙashin kowane takalmi,
yana dariya, haƙoran gaba biyu babu.
Inda yake tsaye fari fat.

Shekara tara ina cewa gishiri ne,
irin na Bilma, aka daɓe.
Sai ran da Malam Barma,
wanda ya yi karatu a ƙasar sanyi,
ya juya bayan katin, ya gyara tabarau,
ya ce, "Laminu, ruwa ne.
Ruwa ne ya daskare suke tafiya a kai."

Ruwa!
Ni da ke tashi ƙarfe uku na dare
in zauna gaban famfo ina jin tarinsa,
ni da ke sayar da ƙanƙara a Zango
leda leda, ina lulluɓe ta da buhu
kamar mai jego,
wai a wani gari fili guda aka shimfiɗa
don ƙarti su yi guje-guje.

Ban bar Malam ya sha shayinsa da zafi ba.
Ya ce shida shida suke shiga.
Ya ce sau uku, minti ashirin ashirin.
Abin da suke kora ma ba ƙwallo ba ne,
baƙar roba ce, kamar wainar da ta ƙone,
sai an sanyaya ta kafin wasa
don kada ta riƙa tsalle.
Mai laifi a zaunar da shi minti biyu a ɗan akurki
yana kallon ƴan uwansa suna shan wuya.
In mutum ɗaya ya ci uku
ƴan kallo su yi ta jefa huluna.
Na ce, to wa ke maido musu?
Malam ya ce wannan bai tambaya ba.

Bara ɗan ƙanwata ya duba a waya,
ya ce irinsa kan yi kuɗi a can,
in kusurwa huɗu lafiya suke.
Nawa gara ta ci ɗaya,
man ja ya taɓa ɗaya.
Na ce madalla, ya zauna ke nan.

Jiya wuta ta ɗauke tun azahar.
Kafin la'asar jarina ya fara ɗiga,
yana bin ƙasan ƙofa yana fita titi,
akuyar maƙwabta tana lasa.
Falmata ta ɗauko gwangwanin ta buɗe,
ta ce, "Baba, shi in tasu ta narke fa?"

Na karɓi katin, na fifita wuyana da shi.
Yana nan yana dariya da giɓinsa,
shekara talatin a Damagaram,
bai taɓa cire safar hannu ba.
Ni kuwa ina lissafi a zuci:
filin nan nasa, in an fasa,
leda nawa zai yi?