Taga Ɗaya a Kan Tudu

Ƙarfe bakwai na yamma a Valparaíso.
Maɗaba'a ta watse, saura Ximena da gurnanin firji.
Maigida ya danne mata takarda da kofin shayi:
"Shuɗin tekun nan ya tsufa.
Baƙi sun fi son mai haske.
A canza kafin Litinin."

Taswira ɗari biyu da goma sha huɗu,
kowace da tudunta, da matakalanta masu karya gwiwa,
kowace da teku kwance a ƙafarta.
Wa zai bi su ɗaya bayan ɗaya?

Ta ja kujera.
Ba ta buɗe su ta fuska ba,
juya su ta yi kamar riga, ta duba ɗinkin ciki.
Ashe hoto rubutu ne da ya yi kwalliya.
M ya ce: ɗaga alƙalami, tsaya nan.
L ya ce: ja layi zuwa can.
C ya tanƙwara gaɓa kamar baka,
Z ya koma inda aka faro, ya ja ƙofa.
Teku kuwa, duk faɗinsa,
duk jiragen da ya haɗiye bai yi gyatsa ba,
alama shida ce kacal bayan wani ɗan shinge.

Ta zuba su a akwatin sama, na nema.
A na ƙasa ta ajiye sabon shuɗi,
irin na kwalbar ruwan sayarwa.
Kafin ta sauke hannu na'ura ta dawo da ƙirga:
ɗari biyu da goma sha biyar.

Sha biyar?
Ruwa ba ya tsami banza.

Ta bi sawu, fayil bayan fayil,
shayi ya huce, kare ya yi haushi a gangare ya gaji.
Can a taswirar Cerro Barón,
layi na ɗari takwas da uku,
ga wani ɗan murabba'i, bai kai ƙwayar riɗi ba,
nesa da gaɓa, a bangon wani gida,
sanye da launin teku.
A kansa akwai rubutun da injin bugu ba ya gani:
"Tagar Eliana. Daga nan take hango jirgina."

Don Evaristo ke nan.
Shekara talatin a ruwa, goma sha ɗaya a kujerar nan,
da tabarau ɗaure da zare.
Bai taɓa ambatar wata Eliana ba.
A sanyin Yulin bara aka kai shi makwanci,
rigar ruwansa har yau tana rataye bayan ƙofa.

Na'ura ba ta san taga ba, ba ta san teku ba.
Duk abin da ya amsa suna ɗaya
hukunci ɗaya take yi masa.
Madannin "Musanya duka" yana jira,
ba fushi, ba tausayi.

Ta danna.
Teku ɗari biyu da goma sha huɗu suka sake riga lokaci guda,
ko kumfa bai tashi ba.
Taga ma ta bi su.

Sai ta gangara layi na ɗari takwas da uku,
ta goge sabon,
ta mayar da tsohon da yatsa ɗaya,
alama bayan alama,
yadda ake mayar wa mai barci bargon da ya zame.
Ta adana. Ta kashe fitila.

Ran Litinin maigida zai ɗaga takarda wajen haske,
ya ce madalla, ya tambayi kuɗin tawada.

Yanzu dai tana sauka matakala da jaka a kafaɗa,
iska na kawo warin kifi da man jirgi.
A ƙasa, tekun da kansa
ya ƙi tsohon shuɗi, ya ƙi sabo,
yana ta juyi cikin duhu.
Ta waiga tudu.
Tagogi sun yi yawa, duk a kunne,
ba ta san wacce ba ce.